Gadon Tanne Ya Sauko Ƙasa

Tanne Verhage tana yarinya ƙarama teku ya fasa ganuwar da ke tare wa ƙauyenmu ruwa a yankin Zeeland, ta wuni ta kwana a kan rufi, rungume da ƙafar babanta. Tun daga ranar ba ta sake kwanciya a ƙasan bene ba. Ta yi aure, ta haihu, ta sayar da madara har ta tsufa, gadonta yana sama.

Bara ta zame a matakala. Ɗanta Adrie ya ce ko dai gado ya sauko falo, ko ta koma gidan tsofaffi a birni. Ni maƙwabciyarta ce, a gabana aka yi.

"Inna, an ƙara wa ganuwar tsawo da kauri," in ji shi. "Ran Asabar ma za a buɗe dutsen tunawa da ambaliyar."

"Dutsen ne zai tare mini ruwan? Kai da aka haifa bayan kaya sun bushe."

Asabar ta zo da iska mai ƙarfi, teku ya cika maƙil. Jama'a suka hau ganuwa da makaɗa, aka yaye ƙyalle, sai ga mutum-mutumin lebura rungume da dutse. Tanne ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta sa na tura keken guragun da take hawa tun da ta zame, zuwa lambatun da ke gindin ganuwar ta ɓangaren gari. A nan mutanen zamanin da suke dubawa: in teku yana ratsowa ta ƙarƙashi, ruwan lambatu yakan yi ɓul-ɓul, ya gurɓace da yashi.

Ta miƙo mini kofin da take shan kofi. Na ɗebo mata. Ta ɗaga shi a haske ta daɗe tana kallo, ta zubar, ta ce in ɗebo daga can gaba. Shi ma garau.

Adrie ya sauko yana haki. "Inna, mutane na kallonki."

"Su kalla, ai kallo suka zo."

"To me ruwan ya ce?"

"Bai ce komai ba. Haka nake son shi."

Ran Litinin gado ya maƙale a matakala, sai ta taga aka sauko da shi da igiya. Ita kuwa tana zaune a lambu da burodinta mai kirfa, tana ba da umarni.

"Ku sa shi jikin taga, in riƙa ganin masu wucewa. Ashe duk gulmar garin nan a ƙasa ake yin ta."