Muryar Auta a Cikin Ƙunshi

A ofishin da ke tattara awon ruwan sama, Baƙin Allo ake ce masa, don bai taɓa yarda ya riƙe linzamin kwamfuta ba. Allonsa baƙi ne wuluk, sai farin rubutu. Awon kowace tasha yakan zo a warwatse, shi kuma ya buga umarni layi ɗaya, wata tsohuwar manhaja da ta girmi rabin ma'aikatan ofishin ta ɗaure fayilolin cikin ƙunshi guda. Ya tsufa a kan kujerar nan, ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba.

"Masu danna hoto," yake kiran abokan aikinsa. In an ce masa duniya ta bar wannan manhaja, sai ya ce, "Ita ba ta surutu. In ta gama aiki shiru take yi. Da ma ku koya."

A gida ma haka yake. Autarsu tana aiki a wani gari mai nisa, kuma ba ta son rubutu, sai saƙon murya. Ta ba uwarta labarin maƙwabciya mai aron tukunya, ta kwaikwayi tafiyar maganar shugabanta, ta yi waƙa da muryar da babanta yake cewa ta agwagwa ce. Uwar takan saurara tana wanke-wanke. Wayar uwar kuwa ƙarama ce, nan da nan ta cika.

"Kawo nan," ya ce. "Kin mayar da waya rumbu."

"Malam, ka bar min su a ciki. A nan na iya nemo su."

"Wayar da kike mantawa a kan murhu? In na ƙunshe su, jikokinki ma sai sun ji."

Daga nan ya zama al'ada. In wayar ta cika, ya tafi da ita ofis, ya kwashe saƙonnin, ya ba kowanne suna mai tsawo: muryar Auta ta ranar kaza ga watan kaza. Ya tura su cikin ƙunshin ɗaya bayan ɗaya, ya goge wayar tas. Manhajar ta yi shiru, shi ma ya gamsu.

Auta ta rasu da damina. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a ɗakinta ita kaɗai, kafin maƙwabta su fasa ƙofa ya ci ƙarfinta.

Bayan masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, uwar ta ce, "Ina son in ji ta."

Ya ɗauko kwamfutarsa da ƙunshin ke ciki ya ajiye a tsakar ɗaki, ya buga umarnin da ke lissafa abin da ke cikin ƙunshi. Ya sa ran rubutu ya cika allon. Layi ɗaya ya fito.

Bai buƙaci kowa ya yi masa bayani ba. Ita tsohuwar manhajar, farkon suna kawai take riƙewa, ta yanke sauran. A ofis sunayen gajeru ne, ba a taɓa kai wa iyakar ba. Nan kuwa kwanan watan ne a ƙarshe, shi aka yanke, duk saƙonnin suka zama suna ɗaya. Umarnin da hannunsa ya saba da shi kuma cewa yake: in ka tarar da mai wannan suna, maye gurbinsa. Kowane saƙo ya shiga ya share na gabansa. Na ƙarshe ne kawai ya rage.

"Sauran fa?" ta tambaya.

"Babu."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara zama. "To, kunna wanda ka bari."

Muryar ta fito a dishe, da numfashi a tsakani. "Mama, na yi ta kira ba ki ɗauka ba. Jikina ne dai. Ba komai, in kin gani ki kira ni."

Uwar ba ta taɓa jin wannan saƙon ba. Ta dubi mijinta.

"Ranar nan wayata tana ina, Malam?"

Ya san inda take. Tana kan teburinsa a ofis, ya kashe mata ƙara don kada ta dame shi, kuma ya kwashe abin da ya shigo bai saurara ba.

Ya yi ritaya a shekarar. Ba ta taɓa zaginsa ba, ba ta faɗa wa yayyen Auta ba, ba ta hana shi abinci ba. Ba ta kuma yarda a mayar mata da saƙon cikin waya ba. Kowace safiya takan ajiye masa kwamfutar kusa da kofin shayinsa, ta zauna a gabansa.

"Ni ban iya ba," takan ce. "Kai ne gwani. Kunna."