Ranar da Muka Kira Sarkin Noma Babu Gona

Na yi yawon kiɗa har gwiwoyina sun gaji da ni, yawancin wuraren da muka je ma sun bi ruwa a kaina, amma akwai wani yini guda a ƙasar Rogo da ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni mai ganga ne a wata ƙungiyar makaɗa ta birni, irin wadda ake jera kujeru, kowa da takardar kiɗa a gabansa, mutum ɗaya ya tsaya da 'yar sanda yana ba da hannu. Tsofaffin 'yan badujala da malaman makaranta ne suka kafa ta tun ina yaro. Muna da masu goge irin na Turawa, da masu sarewa, da masu begila, sai ni can baya da manyan ganguna. Muna yin dogayen kiɗe-kiɗen Turai waɗanda rabin masu sauraro ke gyangyaɗi a ciki, muna yin taken ƙasa, muna kuma zuwa makarantu da asibitoci da gidan yari kyauta. A lokacin da nake ba da labari ƙungiyar ta riga ta fara tsufa. Matasa sun koma kiɗan kwamfuta, kayanmu duk ɗauri ne da faci.

Shugabanmu muna kiransa Mai Sanda. Dattijo ne marar wasa, kuma dokarsa ɗaya ce: idan sandarsa ta sauka, kiɗa ya mutu. Na ga ya kori wani mai begila saboda ya ƙara busa ɗaya tak bayan saukar sanda. Ni kuwa ban iya wata sana'a ba, don haka idona kullum a kan sandar nan yake.

Muna da wani kiɗa da muke buɗe kowane taro da shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ne ya ji shi yana saurayi a wani ƙauye, ya yi masa daɗi, ya dawo birni ya shirya shi da goge da sarewa. Ba wanda ya taɓa tambayar na waye. Mu dai mun san shi ne abin alfaharinmu.

Da damina aka gayyace mu wata makarantar firamare a wajen Falgore. Mun wuce Karaye lafiya, daga nan motarmu ta kafe a laka har sau biyu, muka fito da baƙaƙen kwat ɗinmu muna turi kamar 'yan dako. Muka isa a jigace, ga yunwa, ga takalma cike da taɓo. Hedimasta ya tarbe mu da fura, ya ce malaman gari sun yarda, amma a tashi kafin la'asar. Wallahi a ranar ba abin da nake so irin a gama in miƙe ƙafata.

Aka jera mu a ƙarƙashin darbejiya. Yara sun zauna a ƙasa, manya sun tsaya a baya suna kallonmu kamar an sauke kayan kasuwa. Mai Sanda ya ɗaga hannu, na fara buga kiɗan buɗewa.

Ban yi nisa ba na ga taron yana darewa. Wani tsoho makaho ne yake tahowa daga wani zaure, yana dogara sanda. Wani mutum mai furfura, wanda daga baya na san ɗansa ne, yana biye da shi yana cewa, “Baba, don Allah ka koma ka zauna.” Tsohon ya fizge hannunsa. Ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga sandarsa sama, ya buɗe murya.

“Sai ni na gaban gayya! Garma ta san hannuna! Gona ba ta kwana a gabana!”

Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan danga. Ɗan nasa ya zagayo da sauri ya durƙusa kusa da gangata.

“Malam, don girman Allah kada ka tsaya,” ya ce. “Takensa ne kuke bugawa. Shi ne tsohon sarkin nomanmu. Tun da makaɗinsa ya rasu bai sake jin sa ba. Idan ganga ta yi shiru bai sauke kirari ba, kun tozarta shi a gaban garinsa.”

Sai a lokacin na gane abin da muke ɗauke da shi duk shekarun nan. Kiran mutum ɗaya ne, wanda ake buga masa ranar gayya ya fito ya ja gaban manoma. Na dubi takardata, saura layi biyu kiɗan ya ƙare. Mai Sanda kuwa ya ba taro baya, bai ji abin da aka gaya mini ba.

Sanda ta sauka. Goge suka yi tsit, sarewa ta yi tsit. Ni dai hannuna bai tsaya ba. Ba jarumta ba ce, don ina bugu ina tunanin abin da zan gaya wa iyalina. Mai Sanda ya watso mini wani kallo, ya sake sauke sandar da ƙarfi. Na sunkuyar da kai na ci gaba. Tsohon nan ya yi ta jero kirari, yana kiran gonakin da ya nome da mazan da ya bari a baya, muryarsa na shaƙewa tana dawowa, har kafaɗuna suka fara ciwo. Can ya caka sandarsa a ƙasa. Na ɗauke hannu.

Yana haki ya juyo wajen da ya ji ganga. “Yaro, hannunka da sanyi, amma ka kira, na amsa. To, gonar wa za a shiga?”

Mu mutum ashirin da wani abu, da kwat da takardu, ba mai ko fartanya. Ɗansa ya kama hannunsa a hankali.

“Baba, ba gayya ba ce. Baƙi ne daga birni suke yi wa yara wasa.”

“Wasa?” in ji tsohon. “Ashe yanzu ana kiran mutum ba aiki.”

Ya juya aka ja shi zuwa zaure. Na buga kiɗa a gaban marasa lafiya da fursunoni, amma ban taɓa jin nauyi a ƙirjina irin na lokacin ba. Muka ƙarasa sauran kiɗanmu ba armashi, aka kira la'asar, muka yi salla muka kama hanya.

Sai da muka tsaya shan shayi a Karaye na tunkari Mai Sanda. Na ba shi labarin abin da ɗan tsohon ya faɗa. Ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce, “Doka doka ce. Ka huta wata guda.” Na yi hamdala a raina, domin na ɗauka kora ce.

Da na dawo sai na tarar ya sauya kiɗan buɗewa. A tsakiya kowa zai yi shiru, ganga kaɗai za ta yi ta tafiya, shi kuma ya rungume sandarsa a ƙirji, ba ya sauke ta sai ya ƙiyasta mutum ya gama kirari. Bai yi wa kowa bayani ba, ni ma ban tambaye shi ba. Mutanen birni sun ɗauka salo ne, wasu har duba waya suke yi a wurin.

Labari ya iso mana cewa tsohon bai ga wata daminar ba. Mai Sanda ma ya riga mu gidan gaskiya, ƙungiyar kuma yau saura ƙiris, wani lokaci mu a kan kujeru mun fi masu kallo yawa. Amma har gobe idan muka zo wurin nan a cikin kiɗan nakan buga da duk ƙarfin da ya rage mini, kunnena a buɗe, ko da yake na san ba mai amsawa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk abin da ka tsinta ya yi maka daɗi, ka tambayi mai shi kafin ka yi ado da shi. Kuma kada ka tashi mutum daga zaune alhali ba ka da gonar da za ka kai shi.