Maman Lawali, Mai Binne Fara

Da an sallame sallar asuba a Sabon Gari, Maman Lawali yakan ɗaure buhun hoda a bayan kekensa ya kama hanyar Jiratawa. Hodar ƙwari sai da raɓa ake zuba ta, don ta kama ganye tun fara ba ta warware ba. Haka muka tashi muna ganinsa, hanci ɗaure da tsumma, gira fari fat kamar ya fito daga gidan niƙa. A shekarun baya-bayan nan kayansa sun ƙaru da abu biyu, tsintsiya da fartanya. A wannan wata yake aje aiki, domin ƙirji ya ƙi, ido kuma ya yi hazo. Bai kamata ya tafi shiru ba a faɗi abin da tsintsiyar nan ta yi.

Shekarar da aka samu mulkin kai aka ɗauke shi a sarwis ɗin noma. Aikinsa shi ne ya nuna wa manoma yadda ake kaɗa hoda daga ƙaramin buhu a kan gujiya da hatsi. Farkon abin sai wanda ya gani. In ya ratsa gona da safe, kafin hantsi fara ta zube kamar an karkaɗe magarya. Daga Tsibiri har Jiratawa ana rububinsa, mata na aiko masa da fura.

A Jiratawa yana da taubashi, Maliki, ɗan kawunsa, wanda bai taɓa kiransa da sunansa ba sai "bawana". Ƙofar gidan Maliki akwai tsohuwar tsamiya, kowace shekara nan shamuwa ke sauka ta yi sheƙa, har reshe ya yi baƙi. Matarsa Tsahara kullum cikin mita take, wai ba ta isa ta yi shanya ba sai kashin tsuntsu ya ɓata. Maliki kuwa ko a jikinsa. Ya gaji wata ƙa'ida wurin mahaifinsa: a gidan nan ba a shuka sai shamuwa ta sauka kan tsamiya. Ruwan da ya riga ta zuwa, in ji shi, ruwan yaudara ne.

"Bawana, ka kawo wa fara garin tuwonta?" Haka yakan tare shi.

"Na kawo, har da na tsofaffin da ke jiran tsuntsuwa ta ba su izinin noma."

Su yi dariya, su sha fura a ƙwarya ɗaya.

Da damina ta yi ta zagayowa, sai hoda ta fara rage kaifi. A mangaza, wato ɗakin ajiyar gujiya, ƙwari suka riƙa yawo a kanta kamar yara a kan rairayi. A gona ma, abin da hannu ɗaya ke kashewa da, yanzu sai an ninka. Manoma suka ce a ƙara. Shi ma ya ƙara, don iyakar abin da ya sani ke nan. Fara ta koma ba ta mutuwa nan take, sai ta yi ta tangaɗi a ƙasa, shamuwa kuwa ta samu banza, ta cika maƙoshi ta kai wa 'ya'yanta.

Tsahara ce ta fara gani, wata safiya tana shara. 'Yan shamuwa a ƙasa, wuya a lanƙwashe, ga farar da suka amayar a gefensu. Kafin mako ya zagayo, manyan ma suka fara faɗowa. A bakin fadama aka ga balbela a zube, zabin unguwa suka bi sahu. Da Maman Lawali ya zo, ya tsuguna ya sunsuna aman, warin da ke jikin rigarsa ya ji. Maliki na tsaye a kansa.

"Maman Lawali," in ji shi, "ɗauki kekenka."

Ba zagi, ba faɗa. Amma duk wanda ke wurin ya ji nauyin sunan nan.

Da bazara ta zagayo, tsamiya ta zauna wayam. Ruwa ya sauka mai kyau, gari duka ya fita shuka, Maliki yana zaune gindin itace da ƙwaryar iri, kai a sama. Maman Lawali ya taka har gabansa.

"Don Allah ka tashi ka shuka. Ba za su zo ba bana."

"Wa ya gaya maka? Ko kai ka sallame su?"

"Ni ne. Amma hatsi bai san wannan ba, Maliki. Ƙasa na shan ruwa."

Bai tashi ba sai da shukar maƙwabta ta kai gwiwa. Ruwa ya ɗauke, hatsinsa bai nuna ba. A shekarar awakin Tsahara suka tafi kasuwar Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, wasa kuma ya mutu tsakanin taubasai.

Da wani ne, da ya ce umarni aka ba shi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Maman Lawali bai faɗi haka ba. Ya je wurin shugabansu na sarwis, wanda suke ce wa Mushe, ya gaya masa abin da ya gani. Mushe ya saurara, ya ce wani magani bai iso ba tukuna, amma ya yi duk dabarar da yake ganin za ta rage ɓarna. Daga nan tsintsiya ta hau keke. Duk gonar da ya zuba wa hoda, ba ya barinta sai ya share farar da ta faɗi, ya haƙa rami ya binne, tun tsuntsu bai sauko ba. In fara tana ƙanana ba ta yi fiffike ba, sai ya roƙi masu gona a ja dogon rami a kora ta ciki da ganye, a rufe, ba sai an taɓa buhu ba. A Tsibiri ya riƙa kafa sanda da jan ƙyalle a gonar da aka yi wa hoda. Saudatu mai suyar fara ta ce ba don ƙyallen nan ba, da abin da ya sami tsuntsaye ya sami masu sayen fararta.

Ba a gode masa ba, dariya aka yi masa.

"Liman, an yi mata salla kafin a rufe?"

"Yaushe ne sadakar ukun?"

Shi dai sai ya yi tari ya ci gaba da shara. Masu son a cika musu hoda suka ce ya yi rowa da kayan gwamnati. Amsarsa ɗaya ce: "Wadda hoda ba ta kashe ba ita ke zuba ƙwai, ɗiyanta su gado ta. Shamuwa fa, 'yan ɗiya nawa take yi a shekara? Yaushe za ta saba? Muna kashe mai ci, muna barin abin ci."

Baba Maman, kai ne ka shaƙi abin da aka ce mu kawar da hanci daga gare shi. Kai ne ka sunkuya cikin rana kana bin gawar ƙwaro, alhali ba wanda ya sa ka, ba wanda zai tambaye ka. Gatan marar baki. Tsahara ta shaida cewa kowace bazara kakan zo lokacin da Maliki ya tafi masallaci, ka hau tsamiya da tsohon kwando ka ɗaure a reshe, ko wata za ta gani ta yi sha'awa. Kwando ya ruɓe, ka kawo wani. Maliki yana gani, bai taɓa kwancewa ba.

Bana, ana cikin zafin bazara, Maman Lawali yana kwance a zaure, sai ga jaki a ƙofa.

"Bawana! Kana nan kana tarin banza, baƙi sun sauka ba mai yi musu sannu?"

Aka ɗora shi a jakin, Maliki na ja, har Jiratawa. Shamuwa guda biyu ne kawai, a cikin kwandon. Ya ɗaga kai ya yi ta dubawa, bai ga komai ba sai duhun ganye.

"Ina suke?"

"Ga su can bisa kanka, makaho."

Yana cikin lalube da ido, sai wani abu fari mai ɗumi ya sauko masa a kafaɗa. Tsahara ta rangaɗa guɗa.

"Ta gane ka," in ji Maliki. "Ta biya ka aikinka."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya shafa kafaɗar, ya ce a bar masa, kada a goge.

Itacen da reshensa ke yin baƙi, yau sheƙa ɗaya gare shi. Balbelar fadama ba ta dawo kamar da ba, idon Maman Lawali ma ba zai dawo ba, fara kuwa tana nan ta fi da ƙarfi. Mun gode, Baba, Allah Ya saka, Ya sassauta maka ƙirjin nan. Ku kuma da buhun hoda zai koma hannunku, ga tsintsiyar can jingine a zaurensa. Ku ɗauke ta tare da buhun, domin akwai ƙwai a kwandon tsamiyar Maliki.