Gangar Attahiru a Filin Lakwal

Attahiru Makaɗi ya shekara talatin da 'yan kai yana bin samari gona da gangar noma a ƙauyukan Korgom. Gado ya yi, ubansa ma ita ya rataya har ya tsufa. A zamaninsa idan za a yi gayya, shi ake fara aika wa goro kafin a nemi masu hauya. Kowane saurayi yana da takensa a hannun Attahiru. Wanda ya wuce gaba a layi ya sha kirari har kansa ya kumbura, wanda ya maƙale a baya kuma a yi masa zambon rago, 'yan uwansa su yi dariya, shi ma ya yi, ya ƙara wa hauya ƙarfi.

Sai gayya ta yi ta ja da baya. Samari suka koma tafiya Agadas da wuraren haƙar zinariya, waɗanda suka rage kowa ya kama gabansa. Attahiru ya rataye ganga a ɗaki, ya koma tufkar igiya a gindin gawon da ke bakin filin lakwal, wato makarantar bokon garin. Ba ya yi wa kowa ƙorafi, amma duk wanda ya zauna kusa da shi zai ga yatsunsa suna kaɗa gwiwa shi bai ma sani ba.

Daga gindin gawon nan yake kallon Madam Ramlatu, malamar da aka kawo daga Tasawa, mai riƙe da ajin manyan yara, wanda da zana aka kewaye shi. Laraba da Juma'a da safe takan fito da su motsa jiki. Ta busa usur har kumatunta su gaji, yara kuwa su zagaya fili suna jan ƙafa kamar an aike su gidan da ba su so. Abin yana ci wa Attahiru rai. Wata Laraba ya kasa haƙuri.

"Madam, wanga usur naki ko akuya ba ta tashi da shi," in ji shi. "Ki bari in zo da ganga ran Juma'a."

Ta yi dariya ta ce, "To Baba, bisimilla. Ni ma na gaji da shi."

Ran Juma'a ganga ta sauko daga bango. Bugu uku ya yi fili ya rikice. Yaran da ke jan ƙafa suka zama wasu iri, har mata masu zuwa rijiya suka aje tulu suna kallo. Wani dogon yaro, Rabilu, shi ya wuce gaba, nan take Attahiru ya yanka masa take. Rabon da ya ji daɗi irin na ranar tun yana da sauran baƙin gashi.

A nan kuma ya yi kuskuren da har yau in ya tuna sai ya sunkuyar da kai. Da kowa ya iso, saura mutum ɗaya a can baya, hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara talatin, ya buga zambon rago. Babu wanda bai san kiɗan nan ba a garin, har yaran da ba su taɓa ganin gayya ba sun ji shi a bakin kakanninsu: rago taho, tuwo ya huce. Suka ɗauka gaba ɗaya da tafi. Wadda ke bayan kuwa Zuhura ce, 'yar maƙwabciyarsa Jummai, wadda shan inna ya taɓa wa ƙafar hagu tun tana goye. Ba zai ce bai gane ta ba, a gabansa ta koyi tafiya. Hannu ne ya riga tunani.

Zuhura ba ta yi kuka a fili ba. Ta ƙarasa zagayenta, ta shiga aji ta ɗauki jakarta. Yara suka raka ta da waƙar har ƙofar gida.

Kwana tara ba ta taka lakwal ba. A kwana na goma Madam Ramlatu ta zo gindin gawo, ba ta ko zauna ba.

"Baba, ka san wa ka kora? Duk ajina babu mai lissahinta. Ita nika sa ran ta tahi kwalej bana. Uwatta ta ce in ba ta so, ba ta tilasta mata."

 Da la'asar Attahiru ya yi sallama gidan Jummai, ya tarar da yarinyar tana tsince wake. Ya durƙusa, tsoho da shi, ya ba ta haƙuri. Ta saurare shi da ladabi har ya gama, sannan ta ce, "Na yahe, Baba. Amma duk ran da anka yi gudu ni za ni zama ta baya. Ko ba ka kaɗa ba, su sun riga sun iya waƙar."

Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce ta fi yi masa ciwo. Ya koma gida ya mayar da ganga bango, ya ce ya bar ta ke nan.

Kwana biyu yana tufka yana juya maganar. Me ya sa zambon nan bai taɓa korar kowa daga gona ba? Samari nawa ya yi wa shi, suka dawo gayya ta gaba da dariyarsu? Sai ya tuna abin da ke biyo bayan zambon. A gayya wanda ya kai ƙarshen layinsa ba ya zuwa inuwa. Juyowa yake yi ya kama layin na baya daga can ƙarshe, yana nomowa har su haɗu a tsakiya. Tarbe ake ce masa. Kuma ba a buɗe ƙwaryar fura sai layin ƙarshe ya fita. Ashe rabin al'adar ya kwaso ya kawo wa yaran mutane, ya baro rabin da ke sa a iya haɗiye ta.

Ya sami Madam da shawararsa. Ta riga ta ƙone sau ɗaya, amma ta yarda a gwada. Suka sa aka taro ƙwallon goruba cike da buhu. Aka ja layuka a rairayi, kowane yaro da nasa, aka jera goruba goma a kan kowanne. Yaro zai ruga ya ɗauko ɗaya ya kawo kwandon ƙungiyarsu, ya koma ya ɗauko ta gaba. Ƙungiya mutum shida ce, kuma ba ta gama ba sai layukanta shida sun zama wayam. Wanda ya kwashe nasa ya tarbi ɗan uwansa daga nesa. Attahiru ya ce ganga ba za ta ƙara kiran sunan mutum ɗaya ba, ƙungiya za ta riƙa kira.

Ya sake komawa gidan Jummai. Zuhura ta ce za ta zo, amma kallo kawai za ta yi.

Da ranar wasan ta zo, zagayen farko an sha kunya. Rabilu ya kwashe gorubarsa kafin kowa, ya tsaya yana huci yana jiran take, Attahiru ya ɗauke kai kamar bai gan shi ba. Wata ƙungiya ta 'yan ƙanana, waɗanda suka fahimci tarbe, ta cinye su. Rabilu ya cika ya yi fam. Daga gindin gawo Zuhura ta ce masa, "Kai da ka hi kowa sauri, ka fara da na nesa mana. Na kusa ko wa na iya ɗauka."

Ya harare ta, ya dubi layukan, ya ce, "To zo ki shiga tamu ki gwada muna."

Ta miƙe ta cire takalmi. Goruba huɗu ta kawo da ƙafarta. Tana juyawa ɗauko ta biyar ta ga Rabilu da wasu biyu sun taso daga ƙarshen layinta suna kwasowa, suka haɗu a tsakiya har suna karo. Na biyu suka zo, ba na ɗaya ba. Attahiru ya kaɗa musu taken tarbe, wanda rabonsa da shi tun gayyar ƙarshe, idonsa ya cika da ƙwalla, bai kuwa damu a gani ba.

Waƙar ragon ba ta mutu a ranar ba, an ƙara jin ta sau biyu ko uku a bakin marasa kunya kafin ta gushe. Amma Zuhura ba ta sake fashi ba.

Bayan mako uku, wata Litinin da hantsi, Attahiru na tufkar igiya, ganga na jingine a gefensa, Madam ta ba da lissafi goma a allo. Ajin zana ba ya ɓoye magana, komai yana jiyowa. Ya ji Zuhura ta ce ta gama. Can sai ya ji an ja benci, ya ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Rabilu, na nawa kake?"

"Na ukku," in ji shi.

"Ci gaba. Ni za ni kamo daga na goma in nuna maka, mu gamu tsakiya."

Attahiru ya aje igiyar. Ya jawo ganga kan cinyarsa, ya kaɗa musu taken tarbe a hankali da yatsu biyu, yadda Madam ba za ta fito ta ce yana hana yara karatu ba.