Mma Mashudatu da Farar Tokar Gangare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris na 2025, muna cikin azumi, Allah ya karɓi ran Mma Mashudatu ta Kasalgu, maƙwabciyar gonata, bayan tarin da ya riƙe mata ƙirji tun gobarar dajin watan jiya.

Mma, a hannunki na san toka ma tana da hali. Sana'arki sabulun toka, da kin murza ta a yatsa kin san ƙarfinta. Ni kuwa tela ne daga Sabonjida, noma da girmana na shige shi. Shekarata ta farko masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta ta cinye gonakinmu, na tsaya ina washe baki wai na samu taki a ɓagas. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Yazidu ɗana, in haka za ka yi noma, koma wa kekenka."

Sannan kika durƙusa kika nuna mini. Baƙar toka mai guntayen ciyawa, wuta ce ta wuce da sauri, da sauƙi. Fara mai laushi kamar gari, nan wuta ta zauna ta gasa ƙasa. Kika share farar gefe, kika ɗiga ruwan butarki, sai ga ɗigon ya tsaya kurum ya ƙi shiga. Kika ce in ruwan farko ya sauka a haka, tokar za ta dame ta toshe ƙofofin ƙasa, ruwa ya kwashe ta har da ƙasar noman, ya gangara da su cikin dam ɗin da unguwa ke sha idan famfo ya ƙafe.

Shi ya sa duk bayan gobara kike bin gida gida, kina tara mu da fartanya mu kafce gangaren da gonakinmu suke, toka ta shige cikin ƙasa kafin hadari. Shekarar da na kwanta ciwo, ke kika kafce nawa ɓangaren, kika aiko mini da koko da sabulu, ba ki taɓa tayar da zancen ba.

Bana gangaren duk fari ne fat. Mutane suka ce azumi, a bari sai bayan Sallah. Kika ɗaure hanci da gyale kika fita ke da 'yarki Kausara, kuna tari kuna kaftu. Rabi kuka kai.

Hankalina a tashe yake, Mma. Jiya na raka Kausara wurin da fartanyarki ta tsaya. Ta ɗiga ruwa, ya ƙi shiga. Muna ɗaga kai muka ga gabas ta fara haɗa baƙi.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa wahalar ƙirjin nan ta zama kaffara. Ina yi wa Kausara da ƙannenta da jama'ar Kasalgu ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri. Duk mai zuwa addu'ar bakwai, don Allah ya taho da fartanyarsa.

Ya Ubangiji, tun da na fara noma ban taɓa roƙon wannan ba: ka jinkirta mana ruwan farko, har mu ƙarasa mata ɗaya rabin.