Mai Jan Igiyar Baba

Na je Doha da aikin direba shekara biyu kafin wasannin Asiya, lokacin da duk inda ka juya sai ƙarar gini. A unguwar Muntaza nake kwana, ɗaki ɗaya mu huɗu. Kafil ɗina, wato wanda ya ɗauki nauyin zuwana, ɗan kasuwa ne, amma ba shi nake tuƙawa ba. Mahaifinsa aka ba ni, tsoho mai kusan shekara tamanin, idanunsa sun fara yana. Baba nake ce masa.

Kowace Asabar bayan sallar asuba sai ya ce, "Yalla, ɗana, bakin ruwa." In kai shi wani fili a gefen teku inda kafintoci 'yan Indiya ke haɗa jirgin ruwa na katako. 'Ya'yansa ne suka sa a yi, don yawon shan iska. Ni mutumin Gumel ne, ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba sai da na zo ƙasar nan, don haka da farko a mota nake zama in kunna rediyo. Daga baya ya fara neman hannuna, saboda ƙasar wurin duk guntayen katako ce da ƙusoshi.

Ba ya kallon jirgin, shafa shi yake yi. Ya bi katako da tafin hannu har ya iso inda aka cusa auduga da man kifi a tsakani, ya sunsuna yatsunsa. Kafintocin ba su da zane a takarda, da gizago da ido suke aiki, kuma wannan ya yi masa daɗi. Abin da bai so ba shi ne ramin da suka bari na inji.

A hanyar komawa yakan ba ni labari, da Larabcin da nake tsintar rabinsa. Ya ce yana saurayi irin wannan jirgi ne abincin garin gaba ɗaya. Wata huɗu suke yi a teku lokacin zafi, babu inji, sai filafili, wato babban ƙyallen da iska ke turawa. Shi nutso yake yi, ya kwaso katantanwar teku mai lu'ulu'u. Kowane mai nutso yana da mutum a saman jirgi riƙe da igiyarsa. In numfashi ya ƙare, ya girgiza igiya, a jawo shi. In mai jan ya yi sakaci, shi ke nan.

Wata Asabar muna tsaye a danja ya tambaye ni yadda ake gaisuwa a garinmu. Na ce, "Sannu."

Motar baya ta yi mana oda, na ja mota. Sannan ya ce, "Sake faɗa."

Na sake. Ya maimaita, daidai, har da jan muryar. Ya ce mai jan igiyarsa na shekara shida baƙin mutum ne, dogo, wanda iyayensa suka taho hajji a ƙafa daga yamma, guzuri ya ƙare, shi kuma neman abinci ya kawo shi har nan. Duk lokacin da ya fito da Baba daga ruwa, zai dafa bayansa ya ce, "Sannu, sannu." Baba ya zaci addu'a ce.

"Me take nufi?"

Na ce, "Baba, kamar a ce na ga wahalarka."

Ya gyaɗa kai. Na tambayi sunan garin mutumin, bai sani ba. Na tambaya ko ya koma gida. Ya ce da kasuwar lu'ulu'u ta mutu kowa ya watse, wasu suka shiga aikin man fetur, bai ƙara ganinsa ba. "Shekara shida raina yana hannunsa," in ji shi, "ban taɓa tambayarsa wa ya bari a gida ba."

Ranar da aka saka jirgin a ruwa, Baba ya dage sai an tafi da ni. Da muka yi nisa da gari ya ce a kashe inji. Babban ɗansa ya yi gardama kaɗan, ya haƙura. Aka ɗaga filafili, kafinta ɗaya ya miƙo mini igiya, na ja tare da su har tafin hannuna ya sale. Da iska ta cika ƙyallen sai jirgin ya karkata ya fara tafiya, babu ƙarar komai sai kukan katako da ruwa na dukan gefe. Na yi amai sau biyu. Baba kuwa yana zaune a baya, yana gaya wa matuƙin inda iska za ta juya kafin ta juya.

Ya rasu a bazarar da ta biyo baya. Aka mayar da ni tuƙa motar kaya a Sana'iyya, unguwar masana'antu. A can na yi ta tambayar dattawan Hausawan da suka daɗe a ƙasashen Larabawa ko sun taɓa jin labarin namu da suka yi aikin teku. Wani ya ce kakansa ya ambaci irin haka a Jidda, amma ba shi da suna ko ɗaya da zai ba ni.