Shekarar da Baba Ya Daina Cin Tuwo

Innarmu ta rasu bayan an gama girbin gero, a gidanmu na Maruta. Ba ta yi doguwar jinya ba. Da aka tashi daga zaman makoki, 'yan'uwana mata suka koma gidajen mazajensu, aka bar Baba da ƙanena da matarsa. Ba a jima ba ƙanen nawa ya kira ni a waya, ya ce Baba ba ya cin abinci. In an kai masa tuwo sai ya buɗe kwanon, ya duba, ya mayar ya rufe. Shayi kawai yake sha, shi ma sai an matsa masa.

Na hau mota zuwa Gwaram, daga can na hau babur na ƙarasa gida. Da na gan shi zaune a zaure sai na ga rigarsa ta yi masa yawa. Na roƙe shi ya biyo ni Birnin Kudu, inda nake koyarwa, ya huta kafin damina. Ya ce ba shi da abin yi a gari. Na ce ai gonar ma yanzu ba ta da aiki. Da ƙyar ya yarda.

Matata ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta san tuwon dawa da miyar kuka ne abincinsa tun fil azal, don haka ta nemo daddawa mai kyau, ta sayi man shanu a wajen wata Bafillatana da ke kawo mana nono. Kullum da yamma sai ta tuƙa, ta gyara kwano, in ɗauka in kai masa. Sai ya sa albarka, ya yi loma ɗaya ko biyu, ya ture. Ita kuwa kunyar suruki ba za ta bar ta ta tambaye shi ba. Sai dai ta karɓi kwanon, ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba.

A lokacin an buɗe wani sabon gidan abinci kusa da tasha, mai ƙofar gilashi da fankoki a sama. Soyayyiyar shinkafa suke sayarwa, da kaza, da shawarma, a zuba maka a roba da ɗan cokalinta. Wata rana ina dawowa daga makaranta na hango Baba ta cikin gilashin, yana zaune shi kaɗai a kan kujerar roba, yana cin shinkafa a hankali. Wannan mutumin ne fa da muka taso muna ji yana cewa magidancin da ke cin abinci a titi matarsa yake tozartawa. Ban shiga ba. Na wuce ina murna yana ci, ina kuma jin wani nauyi da ban san sunansa ba.

Bayan magariba ya cire hularsa zai sha iska, sai wani ɗan kati ya faɗo. Na ɗauka na miƙa masa. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce yarinyar da ke kan kanta ce ta ba shi. Duk ranar da ka saya sai ta buga hatimi a ɗaya daga cikin gidajen da aka zana a katin, in gidajen suka cika a ba ka faranti ɗaya kyauta. Abin ya ba shi dariya, ita ce dariyarsa ta farko da na gani tun rasuwar. Ya ce yau ga gyara ta koma takarda. Ya ba ni labarin wata mai fura a kasuwar Gwaram da ta yi shekara da shekaru tana ƙara masa dunƙule a kan abin da ya saya, ba ta taɓa rubuta komai ba, don dai ta san mahaifinsa. Waɗannan kuwa, in ji shi, katin suka sani, ba fuskarka ba. Na ce masa dabara ce kawai don mutum ya riƙa dawowa.

Ya ce, "Ai na sani. Ni ma dawowar nake so."

A ƙofar gidana akwai wani dattijon tela da Baba ya saba zama a wajensa. Kusan kullum sai sun taɓa zancen. Telan ya ce abincin nan mai ne da magi zalla, ba ka san hannun da ya dafa ba, ba ya riƙe ciki, ba ya da albarkar na gida. Baba bai taɓa musa masa ba. Yakan ce gaskiya ne Malam, na jiya da na yau duk ɗanɗanonsu ɗaya. Gobe kuma ya sa hularsa ya nufi tasha.

Daga bakin shagon tela zance ya shiga cikin gidaje. Matan unguwa suka fara cewa matata ta bar tsoho yana yawon neman abinci. Ranar da maganar ta iso kunnenta na tarar da ita tana kuka. Ta ce in da wani abu da ta yi masa, a faɗa mata ta gyara.

Dole na tambayi Baba. Bayan la'asar ne, muna zaune a ƙarƙashin darbejiya. Ya ci gaba da jan carbi, har na yi nadamar tambayar.

Can ya ce, "Girkin matarka ba shi da aibu. Kama da na mahaifiyarku ya yi yawa. In na buɗe kwano na ji ƙamshin daddawa, sai in ga kamar za ta leƙo ta tambaye ni ko gishiri ya ji. Na can kuwa ba ya tuna mini da kowa."

Na shiga na faɗa wa matata kamar yadda ya faɗa. Washegari ba ta ɗora tukunyar tuwo ba. Dambun tsakin masara ta yi da rama da ƙuli-ƙuli, irin yadda mahaifiyarta ke yi a Kangire. Innarmu ba ta son rama, ba a taɓa dafa ta a gidanmu ba. Baba ya duba, ya ɗanɗana, ya ci rabi. Bayan kwanaki ta yi faten wake, ya cinye, har ya ce a ƙaro ruwa.

Bai daina zuwa tasha nan take ba, sai dai ya rage. Ranar da katin ya cika, ya shigo da leda a hannu, ya tsaya a bakin ƙofar tsakar gida ya yi sallama, abin da bai saba ba, don ba ya shiga sashenta. Ta fito ta durƙusa. Ya miƙa mata ledar da hannunsa.

Ya ce, "'Yata, wannan ba saya na yi ba, ba ni aka yi. Ke ya kamata ki ci."

Ta karɓa da hannu biyu. Ranar ita da yara suka ci shinkafa da kaza, shi kuma ya ci abin da ta dafa. Sabon katin da suka ba shi telan ya bar wa, telan kuwa ya karɓa yana ta mita.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baba ya ce zai koma. Na nemi ya ƙara ko mako guda ne, ya ƙi. A tasha, kafin mota ta cika, ya gaya mini dalili. Ya ce kafin Inna ta kwanta ciwo ta zaɓi zangarnun gero masu kyau da hannunta, ta ɗaure ta rataye a rumbu don iri, ba ya son wani ya riga shi taɓa su. Ya tafi ya shuka. Geron ya yi kyau, ya aiko mana da buhu ta hannun wani direba. Ya sake ganin damina ɗaya bayan wannan, sannan shi ma Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan su baki ɗaya.